Mai Malafa, da Sunan da Aka Sa Min a Alƙahira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na dawo, duk wadda ta shigo barka da sauka sai ta ce, "Saudatu, ya Masar?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma kullum sai na tsallake wani wuri. Shi ne Maman Khalifa ta ce in zauna in rubuta gaba ɗaya in saka a guruf. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san aji biyar na tsaya.

Ga waɗanda ba su sani ba, kunnen 'yata Mimi ne ya kai mu. Shekararta uku, amma sai ka kira ta daga baya ba ta juyo ba. Likita a Kano ya ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen, an sha magani ya tafi ya dawo. Yaya Rabi, yayar Abban Mimi, shekara ashirin ke nan tana aure a Alƙahira, mijinta ɗan Maraɗi ne mai sayen kaya a kasuwar Ataba yana turowa gida. Ita ta ce a kawo mata takwararta a yi aikin a can. Sunanta Mimi ta ci, kuma Allah bai ba ta haihuwar mace ba, maza biyu gare ta duk sun girma sun bar gida. Abban Mimi ba zai iya rufe shago wata guda ba, don haka ni kaɗai na tafi, ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

Daga Funtuwa zuwa Kano na buɗe jaka ya fi sau goma ina duba fasfo. Har direban ya ce, "Hajiya, in yana da ƙafa da tuni ya gudu." A jirgi kuwa, da ya fara tashi na rufe ido na riƙe hannun wata mata da ban sani ba. Mimi ko a jikinta, ta manna fuska a taga. Da muka sauka, wani jami'i ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin daddawa. Ya shinshina, ya ja da baya, ya kira abokinsa, shi ma ya shinshina. Ba Larabci ba Turanci, sai na kai hannu baki ina nuna musu ci ake yi. Suka kalli juna, ɗayan ya ce, "Yalla, yalla," yana kore ni da hannu kamar mai korar kaza. Haka daddawata ta shiga Masar.

Gidan Yaya a Giza yake, hawa na biyar a wani tsohon bene mai hawa tara. A ƙofa akwai mai gadi da suke kira bawwab, shi da matarsa suna zaune a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, sun san shigar kowa da fitar kowa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kwando. Mace tana sama ba za ta sauko ba, sai ta zuro kwando da igiya ta baranda, ta ƙwala wa mai kayan miya kira, ya zuba mata ta ja abinta. Na ce da a layinmu ne, kafin kwandon ya kai sama akuyar Baba Ladi ta gama da shi. Mai iskar gas kuma buga tukunyar yake yi da ƙarfe, ƙwal ƙwal ƙwal, ranar farko na ɗauka faɗa ake yi na sungumi Mimi na shige bayan ƙofa.

Abinci ban sha wuya sosai ba. Da safe wake ne dafaffe da mai, a ci da gurasarsu. Akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da wasu ƙananan wake a kwano ɗaya, in ka gani sai ka ce ragowar jiya aka tattara, amma wallahi yau har kwaɗayinsa nake yi. Ranar da Yaya ta ce za ta yi min babbar miyar Masar, na gyara zama, tana buɗe kwano na ce, "Yaya, ai lalo ce!" Ta ce, "Mulukiyya ake cewa a nan, kar ki ce lalo a gaban mutane."

To, ga inda labarin ya fara. Washegari da safe matar bawwab ta gan ni da Mimi a goye, ta washe baki ta ce, "Sabahal khair, ya dada!" Kun san a gidanmu Dada kakarmu ce, uwar babanmu, ba a kiran sunan nan sai an rusuna. Na ji daɗi har cikin raina. Mai kayan miya ma dada, maƙwabciyar Yaya wata farar mata mai jan gashi da ake kira Madam Suzan, ita ma dada. Na kira Abban Mimi na ce, "Mutanen nan akwai ladabi. Ina 'yar shekara ashirin da huɗu suna ce min Dada." Ya yi ta dariya ya ce to Allah ya ja kwanan tsohuwa.

Akwai abubuwan da na lura da su ban kawo komai ba. In ina tare da Yaya, bawwab da gudu yake buɗe mana lif. In ni kaɗai ce sai ya girgiza kai ya nuna min matakala, na ɗauka wuta ce babu. Atamfofina masu kyau Yaya ta ce in ajiye, a nan ba a sa su, ta ba ni wata doguwar riga ruwan toka. In Madam Suzan ta shigo, ni nake kawo shayi, Yaya ta ɗora Mimi a cinya su yi ta Larabci, ni in koma kicin. Ban ga laifi ba. Ko a gida in yayar miji ta yi baƙi ai ƙanwa ce take kai ruwa.

Likita ya sa mana ranar aiki bayan sati biyu, saboda mura da Mimi ta kwaso. Kullum ina taɓa goshinta, ina kasa kunne ga numfashinta, har Yaya ta ce zan sa mata hawan jini. A cikin satin nan biyu ne na haɗu da Hajja Amna.

A can saman benen ake shanya, kuma akwai wasu ƙananan ɗakuna da talakawa suke haya. Ina shanya ina yi wa Mimi faɗa da hannu da baki kar ta je gefe, sai na ji an ce, "Ke 'yar wane gari ce?" Na kusa yar da bokiti. Wata tsohuwa ce baƙa siririya, ta yafa mayafi irin na Sudan, tana tsince shinkafa a faranti. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka tashi da ƙafa za su Makka, suka tsaya a Sudan, a can aka haife ta. Yaƙi ne ya koro su Masar ita da 'yarta mai aiki a wani shagon ɗinki. Hausarta irin ta mutanen da ce, ta cakuɗe da Larabci. Da na ce mata ina da daddawa, sai da ta ajiye farantin. Na kawo mata, ta riƙe a hanci ta daɗe tana shaƙar ƙamshin.

Daga ranar, kullum bayan la'asar in Yaya ta kwanta, sai mu hau wurin Hajja. Tana da ƙaramar talabijin da na'urar faifai, da faifai guda ɗaya tak da take ji da shi. Fim ne na Turawan Ingila, tsoho, baƙi da fari. Ta ce tana budurwa ta yi aiki a gidan wani Bature a Bur Sudan, matarsa tana son fim ɗin nan, su haska shi a bango su yi ta ƙyaƙyata, ita tana leƙe daga bakin ƙofa. Bayan shekaru 'yarta ta tsinto mata shi a cikin tsofaffin faifai a Ataba. Faifan ya goge a wurare, in ya maƙale sai ta cire ta hura masa iska ta shafa a mayafi.

Ni ba na jin ko kalma ɗaya, amma Hajja ce take yi min fassara, kuma ta raɗa wa kowa suna. Wani gari ne a bakin teku. Ni ban taɓa ganin teku ba sai a fim ɗin nan, kuma abin da ya ɗaure min kai, mutane su sa kwat su zauna a kujerun yadi suna kallon ruwa, ga yayyafi yana dukansu, wai hutu suka zo. Na ce, "Hajja, ba su da gida ne?" Ta ce, "Suna da shi, ya binti. So suke a gan su." Akwai wata mata da Hajja take kira Mai Malafa, kullum da malafa mai furanni kamar an kifa mata lambu a kai. Ita ce take tsara wanda za a gayyata shan shayi da wanda ba za a gayyata ba. Da wani tsoho Gashin Baki, wai shi tsohon soja ne, in ya ga wanda bai kai shi ba sai ya kalli sama kamar yana neman hadari. Hatta riƙon kofi sai an duba, wai daga nan ake gane ɗan babban gida. Na ce ai mu ma muna da su, a wurin biki wata a kai ta ɗaki a ba ta mai kaza, wata a bar ta a tabarma da shinkafa gaya. Hajja ta ce ko a Sudan haka ne.

Hajja tana canza murya, in Mai Malafa za ta yi magana sai ta toshe hanci ta ɗaga haɓa, ta ce, "Wannan ba sa'anmu ba ce, ubanta kifi yake sayarwa." Akwai inda jaki ya zo ta baya yana cin furannin malafar, ita kuma tana ta gaisa da manya ba ta sani ba. Wallahi na yi dariya har na faɗi a kan katifa. Mimi ba ta jin sauti, amma jakin nan nata ne, in ya fito sai ta tashi ta shafa gilashin. Tun da aka ce za a yi mata aiki ban yi dariya ba sai a ɗakin nan. Iska tana kaɗa shanya, Hajja ta dafa mana shayi mai na'ana'a a kofin gilashi, masallatai suna ta kiran magariba daga kowane ɓangare, sannan mu sauko. In na ce muku ina kewar Masar, to yawanci ɗakin nan nake nufi.

Sai da muka kwana huɗu kafin mu kai tsakiyar fim ɗin, saboda Hajja tana yawan mayar da shi baya. A nan ne wata mata mai kauri ta sauko daga mota da kwando. Yayar Mai Malafa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kifi take soyawa a wani gari. Ta zo daidai ranar da matar wani babban mutum za ta zo shan shayi. Mai Malafa ta ja ta ta ƙofar baya, ta ɗaura mata farin ƙyalle a ƙugu, ta ce wa baƙi mai dafa mata abinci ce. Ita kuwa baiwar Allah tana ta murna, ta ɗauka taimakon ƙanwarta take yi, kyanwoyin gari suna biye da ita saboda ƙarnin kifi.

Na ce, "Kai, wannan mata ba ta da kunya! 'Yar uwarki fa?"

Hajja ba ta yi dariya ba. Ta danna ta tsayar da fim ɗin. Ta ce, "Saudatu, na ji matar bawwab tana kiranki da wani suna."

Na ce, "Eh, Dada. Suna girmama ni."

Ta ce, "A wurinku me ake nufi?"

Na gaya mata. Ta ajiye kofinta. Sannan ta ce, "A nan dada ita ce mai raino. 'Yar aikin da ake ɗauka ta goyi ɗan uwar gida. Ni na yi dada shekara tara, na san sunan. Duk benen nan sun san Madam Rabi ta kawo 'yarta daga Najeriya, ta kawo mata dada."

Na kalli Mimi tana wasa da murfin kwano. Na tuna lif, na tuna riga ruwan toka. Kunya ce ta fara kama ni kafin ɓacin rai, na tuna yadda nake amsawa da fara'a har da ɗan rusunawa. Na ce, "Hajja, ƙarya Yaya ta yi musu?" Ta ce, "Wataƙila ba ta faɗa da bakinta ba. Sun zata, ta yi shiru. Kar ki ga laifinta da yawa. Baƙar mace a benen nan, kafin a ce mata Madam ta sha wuya."

Za ku ce me ya hana ni yi wa Yaya magana. Tsoro. Ita ce bakina a ƙasar nan, ita ta san likita, ita take cika takardu. Kuma likitan ɗan uwan Madam Suzan ne, ta hanyarta aka samu. In na ɓata wa Yaya rai aikin ya lalace fa? Na ce a raina su kira ni duk abin da suka ga dama, in dai Mimi za ta ji. Amma da na gaya wa Hajja haka, ta ce, "Ranar aiki mutum ɗaya suke bari ya shiga da yaro har ya yi barci. Uwa suke bari." Mimi in ta tsorata ba ta jin lallashin baki. Sai na manna kunnenta a ƙirjina ina gunaguni, tana jin motsin a jikinta, sannan ta lafa. Ba wanda ya san wannan sai ni.

Hajja ta koya min kalma biyu. Ana ummaha, ni ce uwarta. Ta sa na maimaita ya fi sau talatin, tana cewa, "Ɗaga murya, ba gulma kike yi ba." Ranar muka ƙarasa fim ɗin, amma gaskiya ban san yadda ya ƙare ba, idona yana kai hankalina ba ya wurin.

Ranar aiki da safe Madam Suzan ce ta kai mu a motarta. Ni na sa atamfata kore, wadda aka yi min ta sunan Mimi. Yaya ta kalle ni sama da ƙasa. A asibiti aka sa wa Mimi wata 'yar riga mai igiya a baya, aka cire mata takalmi. Tana ganin gado mai taya ta fara ihu. Wata nas ta fito, ta kalli Yaya ta yi mata alama ta taho, ta kalle ni ta nuna min benci, ta ce, "Mama bas," wato uwa kaɗai. Yaya ta miƙo hannu za ta karɓi yarinyar.

Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji ba. Na sake, wannan karon har wani mutum da yake can ƙarshen baranda ya juyo. "Ana ummaha!"

Nas ta tsaya. Madam Suzan ta yi 'yar dariya ta ce wani abu, ina jin cewa ta yi dadar nan ta shaƙu da yarinyar. Nas ta kalli Yaya tana jiran amsa. Hannun Yaya yana nan a miƙe. Na ce da Hausa, "Yaya, don Allah. Ba za ta yi shiru a hannun kowa ba." Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba, kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Ta kalli Madam Suzan, ta kalli Mimi da ta ƙanƙame wuyana. Ta sauke hannun. Ta yi magana da Larabci a hankali, ban gane ba sai kalma ɗaya da ta yi kama da wadda muka koya a Islamiyya, ɗan uwana. Daga nan na gane abin da ta ce: matar ƙanena ce, 'yarta ce. Madam Suzan ta buɗe baki ba ta rufe ba.

Na shiga. Ɗakin akwai sanyi da fitilu. Na manna kunnen Mimi a ƙirjina ina gunaguni, suka sa mata wata roba a hanci, ta yi ta harbi da ƙafa, sannan jikinta ya saki. Wani ya ce min, "Khalas, ya mama, tamam," wato shi ke nan, lafiya lau, aka fito da ni.

A baranda Yaya ce kaɗai a kan benci, takalman Mimi a cinyarta. Madam Suzan ta tafi, wai ta tuna tana da wani uzuri. Na zauna a gefe. Can Yaya ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ta yi kuka?"

Na ce, "Ta yi, amma ta lafa."

Ta ce, "Gobe duk benen zai sani."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Yaya."

Ta ce, "Ke za ki ba ni haƙuri?" Sai ta fara share ido da bakin mayafi, ni ma na fara. Haka likita ya fito ya same mu, har ya tsorata ya ɗauka wani ya gaya mana mugun labari. Ya ce aiki ya yi kyau.

A tasi muka koma gida da yamma. Madam Suzan ba ta sake shigowa shan shayi ba har na baro ƙasar, in sun haɗu a matakala gaisuwa ce sama-sama. Yaya ba ta taɓa yi min ƙorafi ba, kuma ba mu sake tayar da maganar ba. Sauran kwana goman da na yi, ita ce take zaunar da ni ta shiga kicin, in na tashi ta ce, "Zauna ki kula da 'yarki." Ranar da za mu taho ta raka mu har inda ba a barin 'yan rakiya su wuce. Ta durƙusa a ƙasa da tsadaddiyar abayarta, mutane suna ratsa ta, ta ce a hankali, "Takwara." Mimi tana kallon wani wuri, ta juyo. Yaya ta riƙe ta ta ƙi saki, har sai da mai duba fasfo ya buga tebur.

Masu tambaya, ga Masar ɗin da na gani. Wadda za ta je a cikinku ta yi min magana, akwai saƙon daddawa da kuka da zan ba ta, hawa na ƙarshe za ta kai, wurin Hajja Amna.